Filin Amsa Takardunku: Tarihin Darasin Soshiyal Da 'Yan Koyon Malanta A Firamare

  Kamar yadda muka saba, abin da muka karanta muku a gidan rediyo shi ne muke sake bugawa a nan, domin wanda aikin gona ko cin kasuwa ya hana shi zama kusa da akwatinsa ya samu ya karanta, ko kuwa ya sa yaro ya karanta masa da dare bayan an ci tuwo.

A wannan mako takardu biyu muka haɗa, saboda bakinsu ya zo ɗaya. Ta farko daga hannun wani manomi ta fito, wanda ya roƙi mu sakaya sunansa da na garinsu. Malam ya ce yana da yaro a aji huɗu na firamare. Tun farkon wannan zango aka kawo wani saurayi daga kwalejin horon malamai, wanda ko takardar shaidar malanta bai karɓa ba tukuna, aka ce shi ne zai riƙa koya musu wani darasi wai shi soshiyal. Tun daga ranar yaro ya hana kakansa sakat da tambaya: wa ya kafa garin nan, me ya sa ake kiran unguwarmu da wannan suna, wa ya haƙa rijiyar bakin masallaci. Ran nan ma, in ji shi, kwashe yaran aka yi aka kai su kasuwa ranar da take ci. Sai Malam ya rufe takardarsa da cewa: "Shin wannan karatu ne ko wasa da hankalin talaka? In wasa ne ku gaya mini, ga girbi ya zo, in cire abina mu tafi gona."

Ta biyun kuwa wani Alhaji ne mai sayar da hatsi ya aiko ta. Shi kukansa shi ne 'yarsa ta gama firamare, amma da ya tambaye ta labarin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da na Sardauna sai ta tsaya tana kallonsa. Ya ce a zamaninsu akwai darasin tarihi, akwai na labarin ƙasa, kowanne da sa'arsa. Wane ne ya kwashe su, kuma me aka sa a madadinsu?

To Malam da Alhaji, mun gode da waɗannan tambayoyi, matambayi dai ba ya ɓata. Kuma kun yi sa'a, domin ni mai amsa muku, kafin in riƙe makirfon alli na fara riƙewa. Kwalejin ilmi na yi, takardar N.C.E. gare ni, kuma na taɓa zama irin wannan saurayi da Malam ke ƙorafi a kansa. Saboda haka ku gyara zama, mu ɗauko zancen daga tushe.

Asalin ɗan koyo a cikin aji

Bari mu fara da batun ɗan koyo. Malam, ai ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Je ka tsangaya ka gani: alaramma yana zaune, gardi ne ke biya wa ƙananan almajirai allo, in ya yi kure malam ya gyara masa daga inda yake. Haka yaron tela yake fara da ɗinkin maɓalli, yaron maƙeri da zuga, yaron kanti da awo. Babu sana'ar da ake ƙwarewa a kanta daga nesa, kuma malanta ma sana'a ce.

A wajen Turawa, a cikin shekarar 1846 gwamnatin Ingila ta kafa wani tsari inda ake ɗaukar yaro mai ƙoƙari ɗan shekara 13, a ɗaura shi da hedimasta har shekara biyar, da rana ya koyar da ƙanana, bayan an tashi shi kuma a koya masa. Irin wannan tsari 'yan mishan suka shigo da shi kudancin Nijeriya. Suka buɗe makarantar horon malamai ta farko a Abeokuta, daga baya ta koma Ikko, a 1896 kuma aka mai da ita Oyo.

A nan Arewa kuwa sai a 1909 aka soma, lokacin da wani Bature mai suna Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano. Cikin waɗanda ya fara tarawa akwai malamai masu karatun Arabiyya, aka koya musu boko da lissafi da labarin ƙasa don su je su koya wa wasu. Gidansa yana nan a Kano har gobe, ana kiransa Gidan Ɗan Hausa. Sannan ranar 5 ga Maris, 1922, Gwamna Hugh Clifford ya buɗe Kwalejin Katsina, wadda aikinta na asali shi ne horon malamai. Daga baya ta koma Kaduna, sannan Zariya, ita ce ta zama Kwalejin Barewa.

Ku saurari sunayen waɗanda suka bi ta wannan ƙofa. Alhaji Sa Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato ya fito daga Katsina a 1931, ya koma Midil ta Sakkwato yana koyarwa. Alhaji Abubakar Imam ya fito a 1932, ya koyar a Midil ta Katsina kafin ya shiga aikin talifi da jarida. Alhaji Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa ya fito a 1933, ya kama aiki a Midil ta Bauci. Malam Aminu Kano ma malamin makaranta ne, ya koyar a Bauci, ya kuma yi aiki a makarantar horon malamai ta Maru, shi ne kuma ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman makaranta ta Arewa a 1948. Haka Alhaji Shehu Shagari, wanda ya shugabanci ƙasar nan daga 1979 zuwa 1983. Kowane ɗaya daga cikinsu akwai ranar da ya fara tsayawa gaban allo, gabansa na faɗuwa, 'ya'yan mutane sun zuba masa ido. Da iyayen wancan zamani sun ce ba su yarda ɗanyen malami ya taɓa musu 'ya'ya ba, da ba mu sami waɗannan mutane ba.

Da makarantun elementare suka yawaita sai aka buɗe wuraren horon malamai a larduna. Aka yi zamanin takardar shaida mai daraja ta uku, aka yi na mai daraja ta biyu, wadda jama'a suka fi sani da gired tu, inda yaro kan yi shekara biyar bayan firamare. A 1962 aka buɗe babbar kwalejin horon malamai ta Zariya, ɗaya daga cikin na farko da suka fara ba da takardar N.C.E. mai shekara uku. A 1976 kuma aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna, domin malamin da ke bakin aiki ya ƙaro ilmi ba tare da ya bar ajinsa ba. Daga bisani gwamnati ta tsayar da cewa N.C.E. ita ce mafi ƙanƙantar takardar da za a shiga aikin koyarwa da ita.

Duk cikin waɗannan sauye-sauye abu ɗaya bai sauya ba, watau gwajin koyarwa, wanda ɗalibai ke kira T.P. Ga yadda ƙa'idarsa take. Kwaleji ta tura ɗalibi wata makaranta na tsawon makonni. Da farko ya zauna a bayan aji ya ga yadda malamin ajin ke yi. Sannan ya rubuta tsarin darasinsa a littafi: me zai koyar, da wane kayan aiki, me yake so yaro ya iya kafin a kaɗa ƙararrawa, wace tambaya zai yi don ya tabbatar an gane. Hedimasta ko malamin aji ya duba ya sa hannu. In ya tashi koyarwa, malamin ajin ya kamata ya kasance a wurin. Daga kwaleji kuma malamansa kan faɗo ba sanarwa, su zauna su ba shi maki. Wanda ya faɗi wannan gwaji ba shi da takardar shaida, komai ƙoƙarinsa a jarrabawar takarda.

Inda soshiyal ya fito

Yanzu sai mu juya ga shi darasin. Sunansa da Turanci shi ne yara suka gutsure suke cewa soshiyal. Da Hausa muna iya cewa nazarin zaman jama'a, watau yadda mutum ke zaune da 'yan'uwansa mutane da kuma ƙasar da yake ci daga gare ta.

A Amurka aka raɗa masa suna. A cikin 1916 wani kwamitin masana ilmi na can ya ba da rahoto cewa a tattara tarihi da labarin ƙasa da sanin haƙƙin ɗan ƙasa a ƙarƙashin inuwa ɗaya, kuma manufarsu ta zama tarbiyyar ɗan ƙasa na gari. Dalilinsu kuwa, a lokacin baƙi na ta kwarara cikin ƙasar daga sassan Turai, kowa da harshensa da al'adarsa, ga birane na cika da ma'aikatan masana'antu. Suna neman abin da zai sa 'ya'yan waɗannan mutane su ji cewa ƙasa ɗaya gare su.

Mu kuwa a nan, kamar yadda Alhaji ya tuna, tarihi daban, labarin ƙasa daban. A elementare ta Arewa da Hausa ake karantarwa, kuma ba a ce babu namu a ciki ba. Ofishin fassara da aka kafa a wajejen 1930 ya fitar da littafin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu daga rubuce-rubucen Larabci na malaman ƙasar nan. Shi ma Shehu Shagari yana malamin makaranta ya tsara Waƙar Nijeriya, aka buga ta a 1948, don yara su haddace garuruwa da kogunan ƙasarsu cikin sauƙi. Amma da yaro ya hau gaba, sai karatun ya karkata wajen Ingila da daularta. A haddace sarakunansu, a haddace kogunansu. Har akan koya wa yaro cewa Mungo Park ne ya gano kogin Kwara a 1796, alhali kuwa kakannin Sarkawa da Nufawa sun shekara aru-aru suna su a cikinsa.

Da aka sami mulkin kai a 1960 sai masana suka fara tambaya: wannan karatu wa yake yi wa aiki? A 1963 aka buɗe wata sakandare a Aiyetoro, cikin Jihar Ogun ta yanzu, da taimakon Amurkawa da malamai daga Jami'ar Harvard. A can aka fara gwada soshiyal sosai, har malaman makarantar suka rubuta littafinsa na aji ɗaya da aji biyu. A Arewa kuma, daga tsakiyar shekarun 1960, malamai daga Jami'ar Wisconsin sun yi aiki da wasu kwalejojin horon malamai, suka shigar da shi ta wannan hanya. Kun ga ke nan tun ran gini tun ran zane, soshiyal da ɗan koyon malanta tare suka taso.

A watan Agusta na 1968 wakilan ƙasashen Afirka 11 suka taru a Mombasa ta ƙasar Kenya, cikinsu har da Nijeriya da Ghana da Saliyo da Habasha da Tanzaniya. Suka amince cewa kowace ƙasa ta koma ta gina darasin a kan rayuwar yaranta, a fara daga abin da yaro ke gani a ƙofar gidansu.

Ku tuna a wane hali muke a lokacin. Yaƙin basasa ya ɓarke a 1967, bai ƙare ba sai a Janairun 1970. Ana tsakiyar wannan yaƙi, a watan Satumba na 1969, aka kira babban taron manhaja na ƙasa a Ikko. Abin da ya bambanta wannan taro da na baya shi ne ba masana kaɗai aka gayyata ba. An kira wakilan ƙungiyoyin manoma da 'yan kasuwa da na mata da na addinai da na ma'aikata, aka ce kowa ya faɗi irin ilmin da yake so a ba ɗansa. To Malam, ka ji, da irinku aka yi shawarar. Ƙasar da 'ya'yanta ke kashe juna ba ta da buƙatar da ta wuce yaro ya san maƙwabcinsa, ya san abin da ya haɗa su. Wannan ne ya ba soshiyal gindin zama.

Bayan taron sai aka shiga aiki. Cibiyar Ilmi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, tare da jihohi shida na Arewa na wancan lokaci da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya, ta gudanar da shirin kyautata ilmin firamare a farkon shekarun 1970, aka rubuta littattafai, aka riƙa tura masu horon malamai suna zagaya makarantu. A 1973 wani taro a ƙarƙashin Cif Simeon Adebo ya tace shawarwarin 1969, daga nan aka sami Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977, wadda ta sa soshiyal cikin darussan firamare. Da aka shiga tsarin 6-3-3-4 a 1982 ya zama dole har a ƙaramar sakandare.

Sai dai fa an gamu da cikas. A watan Satumba na 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa, watau U.P.E. An yi lissafin yara miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya, sai ga wajen miliyan 3 sun hallara. Azuzuwa suka kasa, malamai suka kasa. Aka shiga horon gaggawa, aka ɗebi waɗanda ba su gama nuna ba aka ba su aji. Darasin da aka tsara don yaro ya fita ya gani, ya tambaya, ya yi tunani, sai ya koma abin da malami zai kwafa a allo yara su bi shi da baki. Yawancinmu haka aka koya mana shi, shi ya sa da yawa ba su ga amfaninsa ba.

Abin da ya same ni a aji huɗu

Bari in ba ku nawa labarin, yau fiye da shekara ashirin ke nan. An tura ni wata makarantar ƙauye, ba zan faɗi sunanta ba. Yara sun haura saba'in a ajin, rabinsu a ƙasa suke zaune. Taswirar da ke rataye a ofishin hedimasta mai jihohi 19 ce, ta zamanin Janar Murtala, alhali tun 1996 ƙasar ta zama jihohi 36.

Darasina na farko a kan iyali ne. Na kwana ina shiri. Na shiga da farar riga da guga, na rubuta a allo abin da littafi ya ce, cewa iyali shi ne uba da uwa da 'ya'yansu. Na sa suka maimaita har sau biyar, ajin na amsawa kamar zai tsage. Ina cikin jin daɗi sai wata yarinya daga baya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, to mu gidanmu ba iyali ba ne? Mu da Baffa da Kawu da Inna da Goggo duk tukunya ɗaya muke ci." Aji ya fashe da dariya. Ni kuwa gumi ya karyo mini, na ce ta zauna, abin da littafi ya ce ke nan.

Ashe malamin da ya zo duba ni daga kwaleji yana tsaye a bakin taga. Bayan an tashi ya kira ni gindin wata bishiyar darbejiya, bai yi mini faɗa ba. Ya ce, "Ɗana, yarinyar nan ta miƙo maka darasin a hannu, ka mayar mata. Yaran nan a gandu aka haife su. Ka fara da gidansu, in ya so daga baya ka gaya musu akwai masu zama daga miji sai mata sai 'ya'ya." Ya ba ni makin da har yau ina jin kunyar faɗarsa.

Wannan magana ita ce ƙashin bayan darasin gaba ɗaya. An tsara shi ne kamar yadda ruwa ke yi in ka jefa tsakuwa a tafki. Yaro ya fara da gidansu, sai unguwa da mai unguwa, sai gari da dagaci, sai hakimi da ƙaramar hukuma, sai jiha, sai ƙasa, sai Afirka da sauran duniya. Wanda bai san yadda ake raba aiki da hatsi a gandun gidansu ba, yaya za ka fahimtar da shi yadda ake raba arzikin ƙasa tsakanin ƙananan hukumomi 774?

Da mako ya kewayo, darasin ciniki ne. Na nemi izinin hedimasta, ni da malamin ajin muka kai yaran kasuwa. Na raba su kashi-kashi, na ce kowane kashi ya sami mai kaya ɗaya, ya gaishe shi da ladabi, ya tambaye shi daga ina kayansa suka fito. Suka dawo da amsa: manja daga kudu, goro daga kurmi, doya daga wajen Binuwai, kanwa daga arewa. Na ce to me motocin ke komawa da shi? Suka ce wake da albasa da shanu da barkono. Na zana taswira a ƙasa da tsinke, muka ja layin kowane kaya. A ranar babu yaron da na sa ya haddace cewa sassan Nijeriya na dogara da juna. Su da kansu suka gaya mini.

Washegari wani tsoho mai sayar da goro ya biyo mu har makaranta. Ya zauna a kan kujerata ya ba yara labarin da ya ji a bakin kakansa, na fatake masu tafiya Gwanja, cikin ƙasar Ghana ta yau, da jakuna da madugu a gaba, a yi watanni a hanya, a kai kanwa da tufafi da fatu a komo da goro. Ya gaya musu yadda isowar jirgin ƙasa Kano a 1911 ta sauya hanyar cinikin. Minti talatin aka ba darasin, aka kaɗa ƙararrawar tara babu yaron da ya motsa. Wannan tsoho bai taɓa shiga aji ba sai ranar, amma ya fi ni koyar da soshiyal nesa ba kusa ba.

Amsar Alhaji

Alhaji, kukanka yana kan hanya, kuma ba kai kaɗai ka yi shi ba. Da aka zuba tarihi da labarin ƙasa a tukunya ɗaya, tarihi ne ya fi narkewa. Manhajar ilmin bai-ɗaya ta shekara tara da aka fito da ita a 2007 ba ta ware masa gurbi na kansa ba, sai ɗan abin da aka tsakura a cikin soshiyal. Malaman tarihi na jami'o'i da sarakuna da 'yan jarida suka yi ta magana shekara da shekaru. A watan Nuwamba na 2022 ma'aikatar ilmi ta tarayya ta yi bikin maido da shi, ta ce an zaɓi malamai 3,700 don a horar da su, watau ɗari daga kowace jiha da Abuja. A manhajar da aka sanar a 2025 kuma, an sa tarihin Nijeriya ya zama darasi mai zaman kansa tun daga aji ɗaya na firamare, shi kuma soshiyal aka gama shi da ilmin zama ɗan ƙasa. Saboda haka 'yarka ta faɗo ne a tsakanin shekarun da aka yi wannan giɓi. Amma sanarwa a Abuja daban, isowar littafi da malami ƙauye daban. Ka je ka tambayi hedimasta ko an fara, kuma kafin a fara, kai ma ka san labarin Shehu da jihadin 1804, ka zaunar da ƙannenta ka ba su.

Wani abin lura kuma, wannan darasi ba ya zama wuri ɗaya, don ƙasar ma ba ta zauna ba. Wanda ya yi firamare kafin 1973 da fam da sule ya koyi ciniki. Wanda ya yi kafin Disambar 1991 an koya masa Ikko ce hedkwatar ƙasa. Taken ƙasa an sauya shi a 1978, a watan Mayu na 2024 kuma aka komo da na farko. A nan ɗan koyo yake da ranarsa, domin sau da yawa shi ne ke shigowa da sabon abu makarantar da littattafanta suka tsufa.

Shawara ga Malam

To Malam, ga amsarka a taƙaice. Abin da saurayin nan ke yi karatu ne, kuma bisa ga abin da ka bayyana, yana yin sa yadda waɗanda suka kawo darasin suka nufa. Kada ka cire yaronka. Girbi na 'yan makonni ne, yana iya taya ka da yamma da ranakun da babu makaranta, amma yaron da aka cire a aji huɗu da wuya ya koma.

Sai dai ban ce ka rufe ido ba. Akwai makarantun da in 'yan koyo suka zo, sai malaman ainihi su mai da lokacin hutu, su sakar musu aji su tafi harkar gabansu. Wannan kuskure ne babba, cuta ce ga yara, cuta ce ga shi ɗan koyon, don babu mai gyara masa. Saboda haka ka shirya ka je makarantar da kanka. Ka gai da hedimasta, ka tambaye shi wane ne malamin ajin ɗanka, kuma yana zama a ciki in saurayin na koyarwa? Ka buɗe littafin yaron ka ga ko ana duba aikinsa da jan biro. In an ce za a fita da yara, ka tambaya wane babba ne zai raka su. In ka ga abin da bai gamshe ka ba, ka kai maganar taron iyaye da malamai ko kwamitin kula da makaranta na garinku, haƙƙinka ne.

Shi kuma baƙon malamin, ku riƙe shi da mutunci. Yawancinsu 'ya'yan talakawa ne irinmu, ba albashi suke karɓa ba, wani ma kuɗin mota sai an haɗa masa a gida. In kuka ba shi ɗaki da ƙwaryar fura, kuka nuna masa dattawan da suka san asalin gari, wataƙila shi ne zai nemi a dawo da shi garinku in ya gama. Kun dai san yadda samun malamin da zai zauna a ƙauye yake da wuya.

Game da tambayoyin da yaro ke yi wa kakansa kuwa, Malam, ka roƙi tsohon ya amsa masa, kai ma ka matso ka saurara. Wanda ya haƙa rijiyar bakin masallacinku babu sunansa a littafin da aka buga a Ikko ko Ibadan. A kan tsohon nan kaɗai yake, ran da ya kwanta dama kuwa ya tafi da shi. Ka saya wa yaron littafi na musamman ya rubuta abin da ya ji, ka adana masa.

A nan za mu dakata a wannan mako. Wanda ke da tambaya a kan noma ko kasuwa ko tarihi ko makaranta, ya rubuto mana kamar yadda aka saba, ya rubuta sunan garinsu da kyau yadda za mu iya karantawa. Malam da Alhaji, a gai da iyali, a gai da mutanen gari. Allah ya sa a yi girbi lafiya, ya ba da kasuwa mai albarka, ya raya mana zuriya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.